Tsintsiyar da ta share min aure

Assalamu alaikum. Jiya da yamma ina shago ina yanka wata shadda, yarona da nake koya wa ɗinki yana gefe yana haɗa aljihu yana surutu da abokinsa, sai naji yana cewa shi wallahi ko mata sun ƙare a duniya ba zai auri bazawara ba, kuma duk wanda bai zaɓi mutuminsu ba a 2027 to ba shi ba shi har abada. Yaron nan shekararsa 19, ko katin zaɓe bana jin ya yanka. Na ajiye almakashi na buɗe baki zan yi masa faɗa sai dariya ta ƙwace min, domin muryata naji sak a bakinsa, har yadda yake buga cinya in zai rantse. Shi yasa da na dawo gida nace bari in rubuta abun da ya faru dani, wanda zai iya karantawa har ƙarshe bismillah, wanda ya ga ya yi masa tsawo ya wuce abinsa ba komai.

Ni haifaffen Kakuri ne, 1984. Babanmu ma'aikacin masaƙa ne. Yaran yanzu in kace masu Kakuri ta taɓa zama wajen da ba a barci sai su ɗauka tatsuniya kake, amma mu mun ga lokacin da in jiniyar canjin aiki ta yi kuka titi yake cika maƙil da kekuna, masu fita suna fita masu shiga suna shiga, masu tuwo da masu ƙosai a bakin get har tsakar dare. Gidan haya muke, irin mai ɗakuna a jere suna kallon juna, famfo ɗaya bayi biyu. Akwai Bayarabe, akwai Ibo mai sayar da kayan keke, akwai Bagwari, sai ɗakin da ke jikin namu na wasu Bajju daga wajen Zonkwa, miji da mata, shima mijin masaƙa yake aiki tare da Baba. Matar Mama muke ce mata kamar yadda 'ya'yanta ke faɗi. Duk Kirsimeti da asuba za ta aiko ɗanta da kaji biyu a hannu ace Baba ya yanka, don kawai mu samu mu ci. Da layya kuma cinya guda tasu ce, wannan ko tambaya babu.

Watan Fabrairu na 2000 aka yi rikicin shari'a. Ba zan tsaya ba da labarinsa ba, duk ɗan Kaduna yana da nasa kuma ba mai daɗin ji. Abu ɗaya zan faɗa, kwana biyu muka yi a ɗakin Mama, ni da ƙannena uku da Inna, a bayan buhunan masara, mijinta yana zaune bakin ƙofa yana ce wa duk wanda ya leƙo ai sun gudu tun jiya. Ranar na uku sojoji suka fitar da mu. Muka tsallake gada muka dawo Tudun Wada, ba mu sake komawa ba. Haka garin ya rabu, Musulmi suka tattaro arewa da kogi, Kiristoci suka koma kudu, Sabon Tasha, Television, Narayi, Unguwar Romi, da aka sake yin wani a 2002 kuwa sai rabuwar ta zauna daram. Masaƙu ma suka bi layi suna rufewa ɗaya bayan ɗaya, Baba ya dawo gida da 'yar takarda a hannu yana jiran haƙƙinsa, ni kuma aka kai ni Kasuwar Barci koyon ɗinki.

Baba ɗan PRP ne na gidi. Hoton Malam Aminu Kano na manne a bangon ɗakinsa har ya koɗe, kuma in ka tayar masa da zancen tsige Balarabe Musa a 1981 to ka shirya kwana a zaune. Amma ban taɓa jin ya zagi wani saboda jam'iyya ba, abokinsa na kut da kut ɗan NPN ne, su yi musu har jijiyar wuya ta tashi sannan su wanke hannu su ci tuwo kwano ɗaya. Ni ban ɗauko shi ba. Ni a majalisa na yi karatun siyasa.

Majalisarmu benci uku ne a gaban wani mai shayi. Daga an sallame isha'i muke haɗuwa, rediyo a tsakiya, a saurari BBC Hausa a bi da sharhi. Akwai direban bas, akwai malamin firamare, akwai wani da muke kira ɗan kwangila duk da ba wanda ya taɓa ganin kwangilar da ya yi, sai mu teloli biyu da masu gwanjo. A wajen nan ba matsalar da ba mu warware ba. Mun gyara NEPA, mun tada matatar mai ta Kaduna, mun kama ɓarayin gwamnati mun ɗaure, duk kan shayi kofi ɗaya da burodi rabi, wani lokacin ma bashi. In an gama da gwamnati sai a dawo kan mata. 'Yar boko ba ta zaman aure. Ma'aikaciyar asibiti matar kowa ce (Allah ya yafe mana). Bazawara ai da dalilin da yasa aka sako ta. Mutanen tsallaken gada duk halinsu ɗaya. Ni ne mai babbar murya a duk waɗannan, ni ɗin da na kwana biyu a bayan buhun masarar Mama, kuma ko sau ɗaya abun bai taɓa faɗo min a rai ba ina magana.

A 2013 na haɗu da wata yarinya a unguwarmu, tana karatun NCE. Kar ka tambaye ni ina maganar 'yar boko ta tafi, so ya shigo ta fita ta taga. Mahaifinta tsohon ma'aikacin gwamnati ne da ya yi ritaya, dattijo mai tsafta, kullum farar jallabiya da rediyo a gefen tabarma. Kowa ya san shi ɗan lema ne, wato PDP, tun 1999, tun zamanin Makarfi, kuma bai ɓoye ba ko a lokacin da faɗin haka a Tudun Wada sai mai ƙarfin hali. Hujjarsa ita ce mataimakin shugaban ƙasa Namadi Sambo ɗan Kaduna ne, tsohon gwamnanmu, ya za a yi mu saki na hannu. Ni dai in naje zance na kan durƙusa in gaishe shi, yace samari ya kasuwa, ince alhamdulillahi Baba, shikenan. Aka kai kuɗin gaisuwa, manya suka zauna aka sa rana, watan Mayu na 2015, wai bari a ga wucewar zaɓe lafiya tunda kowa bai manta abun da ya biyo bayan na 2011 ba. Lefe akwati shida na haɗa, shekara ɗaya da rabi ina tarawa, in na samu kuɗin ɗinkin sallah in shiga kasuwa in ɗauko atamfa biyu ko leshi ɗaya in kai wa yayata ta ajiye.

Toh sai guguwar canji ta taso. Wanda bai ga 2015 a Arewa ba ba zan iya kwatanta masa ba. Mutane na sayen katin waya na musamman don tura wa kamfen ɗin Janar gudummawa, tsofaffi na kuka in an ambaci sunansa, ko'ina sak sak, a kasa a tsare a raka. An ɗage zaɓen daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris muka ce maƙarƙashiya ce. Ranar zaɓe tun asuba ina layi, na'urar tantancewa ta ƙi karanta yatsana sai da na wanke hannu da omo sau biyu saboda man keke, kuma ban bar rumfar ba sai da aka ƙirga ƙuri'a ta ƙarshe da fitilar waya. Ranar Talata muna gaban talabijin ɗin mai shayi an tada janareto, Jega na karɓar sakamako jiha bayan jiha, sai labari ya ɓulla wai Jonathan ya buga wa Buhari waya ya taya shi murna. Kai jama'a. Garin ya kama da ihu, mashina na wasa a titi, keke napep na tafiya da ƙafa biyu, wasu ma a murnar suka rasa ransu.

Wani a cikinmu, har yau an rasa waye, yace a ɗauko tsintsiya, alamar APC, a je a share 'yan lema daga unguwa. Muka bi layi layi muna shara muna waƙa, duk gidan da aka san na ɗan PDP ne sai a tsaya a share ƙofarsa. Na san layin da muka shiga, ba zan ce ban sani ba. Mahaifin yarinyar yana zaune kan tabarmarsa bayan isha'i, rediyo a kunne, kofin ruwa a gefe. Mutanenmu suka ɗan ja baya don sun san alaƙar, ni kuwa da nake gaba kaina ya ɗau zafi, gani nake ranar ko ubana ne sai na share, na sunkuya na kama shara tun daga bakin kwata har gefen tabarmar ina cewa mun share ku, mun share ku. Ƙura ta tashi ta sauka kan farar jallabiyar da cikin kofin ruwan. Bai ce uffan ba. Ya kashe rediyon, ya kalle ni kamar na ƙirga biyar, ya zubar da ruwan, ya naɗe tabarmarsa ya shiga gida ya turo ƙofa a hankali. A hankalin nan ita ta fi damuna daga baya, da ma bugawa ya yi.

Kwana biyu ƙaninsa ya zo gidanmu da ambulan, kuɗin gaisuwa cif cif ko naira ba ta yi ciwon kai ba. Baba ya sa babbar riga ya ɗauki limamin layinmu suka tafi ban haƙuri. Da ya dawo ya daɗe zaune bai cire hula ba, sannan ya kira ni yace zauna ka ji saƙo. Wai Alhaji yace shi ba ƙuri'a ce ta dame shi ba, siyasa rigar 'yanci ce, 'yar tasa ma ya san tsintsiya ta dangwala kuma bai hana ta ba. Amma yaron da ya zuba masa ƙasa a ruwan sha ranar da ya yi nasara a kansa, me zai yi wa 'yarsa ranar da ya ga ya fi ƙarfinta a cikin ɗaki ba kowa? Baba yace ni kuma na rasa amsar da zan ba shi, in kana da ita tashi ka kai masa.

A majalisa kuwa gwarzo na zama. Ka yi daidai, ka fifita aƙida a kan mace, ai mata sun ninka maza yawa a ƙasar nan, wata huɗu ka samu wadda ta fi ta, yanzu da canji ya zo ma buhun shinkafa zai dawo araha ka yi aure biyu rana ɗaya. Na yarda fa. Wata takwas bayan nan aka ɗaura mata aure da wani ma'aikacin banki, ranar na rufe shago nace zazzaɓi nake.

Abun da ya biyo baya kowa ya sani. 2016 kaya suka tashi, muka ce ɓarnar shekara 16 ce ba a gyara ta a kwana ɗaya. Aka buɗe jirgin ƙasa na Rigasa zuwa Abuja muka kwana uku muna musun aikin waye, na wanda ya fara ko na wanda ya ƙaddamar, alhali duk majalisar ba wanda ya taɓa shigarsa. Ɗan kwangila da ya fi kowa zuga ni kafin 2019 ya koma lema don an yi masa alƙawarin wani abu, daga baya ya sake dawowa. Manyan da muke faɗa dominsu suka dinga sauya sheƙa kamar masu canza riga, ka ga hotonsu a ɗaurin auren 'ya'yan juna suna dariya babbar riga na jan ƙasa, na tsintsiya ya ba na lema 'ya, ba wanda ya share ƙofar wani. Lefe na kuwa yayata ta dinga kira na tana cewa atamfofin nan za su fara cin kansu, na sayar da wasu na biya haya, sauran aka zuba a kayan auren ƙanwarmu. Akwatunan ne kawai suka rage, ina zuba yadin kwastoma a ciki.

Farkon 2020 aka rushe Kasuwar Barci za a sake gina ta, ko gama kwashe kaya ba mu yi ba sai ga kullen korona. Na dawo da kekena zauren gidanmu. A wannan zaman ne na zama malamin aure a Facebook, tuzuru ɗan shekara 36 da ko akuya bai ajiye ba, kullum ina rubutu kan matan zamani, tsadar lefe, iyaye masu kwaɗayi, 'yan mata masu son iPhone. Wasu maganganun har yau ina kansu, misali bidi'o'in biki, kamu daban, dina daban, ranar ƙauyawa daban, a ci bashi a yi anko a zo wata uku ana rigima kan kuɗin cefane, wannan ban janye ba. Amma yawanci haushi ne kawai nake juyewa. Sharuɗɗana kuma ba su sauka ba, sai budurwa, kar ta wuce 20, kar ta yi boko mai zurfi. Baba ya rasu 2021 bai ga aurena ba, bai kuma ga cikon haƙƙinsa na masaƙa ba. Allah ya jiƙansa.

Wajen tsakiyar 2022 wata mata ta fara kawo min ɗinkin fararen kaya na asibiti. Ba ta da yawan magana, ta ajiye yadi ta faɗi ranar karɓa, in ta zo ba a gama ba ba ta faɗa sai dai ta zauna kan benci tace zan jira, wanda duk tela ya san ya fi faɗa ciwo. Wata rana tana zaune tana jira tana danna waya sai tace, Malam tela, wai ba kai ne ka rubuta bazawara kamar kayan gwanjo take ba, komai kyanta wani ya riga ya sa? Ƙafata ta tsaya cak kan keke. Nace eh toh, wasa ne irin na intanet. Tace a'a ba laifi, ni dai mamaki nake, naji ance shekara 20 ka yi a Kasuwar Barci, ashe duk abincin da ka ci a tsakiyar 'yan gwanjo ka ci shi, kuma rigar sanyin da ke jikinka ma ban ga alamar daga kanti ta fito ba. Yaran ɗinkina biyu suka sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya. Ta karɓi kayanta ta biya ta tafi. Daren nan na goge rubutun, na kuma kasa barci.

Bazawara ce, shekara 31, da 'ya ɗaya mai shekara shida. Ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti a tsallaken gada. Wato duk abu ukun da na fi zagi a majalisa Allah ya haɗa su a mutum ɗaya ya aiko min har zaure. Auren farko an yi mata tana 19, mijin ya hana ta ƙarasa karatu, daga baya ya sake ta ta saƙon waya tana gidansu wankan jego, ta koma makaranta da goyo. Ba ita ta faɗa min ba, sai da na yi bincike, ita ko sau ɗaya ba ta taɓa zagin mutumin a gabana ba.

Da na kai maganar gida Inna ta tubure. Saurayi da bazawara, har da agola? Wannan ba haka kawai ba, an yi maka wani abu, a nemo rubutu. Sati biyu ba ta amsa gaisuwata da kyau. Sai gwaggonmu ƙanwar Baba ta zo daga Zariya, aka zauna ana maida zance, tana jin Inna har ta gama sannan tace, ikon Allah, yaya, ke da bakinki? Lokacin da yayana ya ɗauko ki ba daga gidan wani kika fito ba? Ba haka uwarmu ta yi ta kuka tana cewa an yi masa asiri ba? Ɗakin ya yi tsit. Ni ina da shekara 38 a duniya ban taɓa sanin Inna ta yi wani aure kafin Baba ba, ashe an yi mata na fari a ƙauye tana yarinya, shekara ɗaya auren ya mutu ba haihuwa. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska tace ai namu daban ne. Gwaggo tace da me ya bambanta? Ba ta amsa ba. Washegari da safe na shiga gaishe ta tace, yarinyar tana dai sallah ko? Nace tana yi. Tace to Allah ya sa alheri.

Sharaɗi ɗaya amaryar ta kafa, gwajin jini kafin komai, tace ta gaji da ganin yara masu sikila suna murƙususu a gado saboda iyayensu sun ce Allah zai kare. Na fito AS, ita AA, da ita ma AS ce tace da ko sama da ƙasa za su haɗe ba za ta yarda ba, kuma na san da gaske take. Lefe tace akwati biyu sun isa. Na ɗauko biyu daga cikin shidan can na goge su da tsumma, na faɗa mata tarihinsu don kar ta ji a bakin wani, tace akwati ai akwati ne, shima bazawari ne kenan.

An ɗaura ranar Asabar, sati biyu kafin zaɓen 25 ga Fabrairu 2023, daidai lokacin da canjin kuɗi ya sa naira ta ɓace, mutane na kwana a layin ATM, masu POS na sayar maka da kuɗinka. Sadaki dubu 100 na kwana huɗu ina nema a hannu na samu dubu 12. Aka ce a yi tiransifa. A cikin masallaci waliyyinta ya karanto lambar akawun, wakilina ya tura, kuɗi suka fita daga wajenmu amma alat ya ƙi shiga. Liman na riƙe da makirfo yana tambaya lakadan ne ko ajalan, wani daga baya yace Malam ai yana hanya, masallaci ya ɗauki dariya. Kusan minti 20 ana zaune waliyyi na ɗaga waya sama yana neman sabis, sai da ta yi ƙara yace alhamdulillahi ya shigo, sannan aka shafa fatiha. A wajen walima abokan aikinta suka zo daga Sabon Tasha da Barnawa, wasu da gyale wasu ba gyale, suka ci suka yi rawa da dangina, 'yan majalisarmu na gefe suna leƙe suna cin shinkafa.

Zaɓen ma haka muka yi shi. Ana ta rigimar Muslim-Muslim, wannan Tinubu, wannan Atiku, wannan Kwankwaso, abokan aikinta yawanci Obi. Na tambaye ta wa za ki yi, tace wanda na ga dama, kai ma haka. Har yau ban san abun da ta dangwala ba, na yi zolaya na yi fushi na yi dabara, ta ƙi.

Ita ce sanadin da na sake tsallaka gada da ƙafata bayan shekaru, ina kai ta aiki a mashin in tana da kwana. Wata safiya na dawo ta Kakuri, masaƙun nan ciyawa ta fi ni tsawo a cikinsu. Na nemi tsohon gidanmu na samu, an yi masa fenti an sa get. Na tambayi Mama aka nuna min wani layi a baya. Tana zaune tana gasa masara, ta tsufa ta rame, na tsaya na gaishe ta tana kallona, sai ta kira ni da sunan da ba wanda ya kira ni da shi tun ina yaro. Ta tambayi Inna, ta tambayi ƙannena ɗaya bayan ɗaya da sunansu, ta tambayi Baba nace ya rasu, ta ajiye mafici ta yi kuka sosai, tace nata mijin ma shekara biyar kenan. Ta ƙulla min masara huɗu a leda ta ƙi karɓar kuɗi. Kirsimetin da ya wuce na kai mata kaji biyu, tace to ai sai ka yanka da kanka tunda babanka ba ya nan.

Kar wani ya ɗauka na zama waliyyi. Tunda aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya ta wuce 1000, ɗinki ya ja baya don mai neman abinci ba ya ɗinka sabuwar riga sai sallah. Akwai watannin da albashinta ne ke riƙe gidan, kuma wallahi har yanzu in ta miƙo min kuɗin cefane wani abu na tokare min a maƙogwaro, wani lokacin in nemi faɗa ba dalili, ita kuma ba ta raga min. Kwanan asibiti har yau bana so. Yarinyar tana ce min Abba, ranar da ta fara faɗa na shiga bayi na daɗe. Mun samu namiji bara. Majalisa ina zuwa jefi jefi, suna nan suna gyara Najeriya, malamin firamare da ya fi kowa cewa boko na lalata mata 'ya'yansa mata biyu suna jami'a, in an taɓo shi yace ai nasa da tarbiyya.

Watan jiya a wata jana'iza na hango Alhaji. Shekara goma ina kauce masa, in na ganshi a layi in canza hanya. Ya tsufa, ido ya yi rauni, jikansa ke riƙe da hannunsa. Bayan an dawo daga maƙabarta na daure naje na durƙusa nace Baba ina wuni, yace lafiya lau, wane ne? Na faɗi sunan mahaifina. Ya yi shiru, sannan yace au, mai tsintsiya. Nace ni ne Baba, na zo ku yafe min. Yace tun a daren na yafe, aure ne dai ban bayarwa, ya canji? Mutanen wajen suka fashe da dariya a gidan makoki, nima na yi, ba yadda zan yi. Ya tambaya ko na yi iyali nace eh, har da biyu, yace madalla, har yanzu kana ɗinkin? Nace ina yi. Bayan kwana uku sai ga jikan da farin yadi huɗu a leda, wai a yi masa jallabiya irin ta da, aljihu biyu, kar a sa aiki a wuya, kuma in faɗi kuɗin ɗinki tsakani da Allah don shi ba ya son kyauta. Na ce wa yaron ya ce dubu uku, ya dawo yace Alhaji yace dubu biyu da ɗari biyar. Na gama ta tun shekaranjiya na goge, tana rataye a shago, ranar Juma'a in an sauko zan kai masa da kaina.